Taubashi da Littafin Tashin Duniya

A Matameye, cikin shekarun da Faransawa suka fara zama da gindinsu a Damagaram, an yi wani ɗan koli mai suna Illa wanda ya tashi rana tsaka ya ce shi littafi zai rubuta. Ba na wa'azi ba, ba na magani ba. Labari ne ya ƙago daga kansa, na yadda duniya za ta tashi, kuma don kada tashin ya yi wa mutane nisa sai ya sa ta fara daga bakin kasuwar garin. Ya sayi takarda mai kyau a hannun fataken Kano, ya haɗa tawada, ya cinye rani da damina yana rubutun ajami tsakanin sayar da allura da awon kwalli.

Da ya gama sai ya shiga karanta wa mutane. Liman ya saurari rabi ya ce Allah ya kyauta. Manu, falken da ke kai fatu Katsina, ya ce madalla, har ya yi alkawarin in Illa ya yarda zai kai littafin wajen wani mai kwafa a can. Maƙwabta ma suka ce madalla. To, Illa ya san mutanen garinsu. Ko miya ba gishiri ka ba su madalla za su ce, sai ka juya baya ka ji labari. Don haka ya naɗe takardunsa cikin fata ya nufi wajen mutum ɗaya tak da ba ya jin kunyarsa.

Mutumin nan shi ne Sallau wanzami, ɗan kawunsa. Uban Sallau da uwar Illa ciki ɗaya suka fito, wato su taubasai ne, kuma kowa ya san zaman taubasai: tsiya ce gaisuwarsu, tsiya ce sallamarsu. Tun suna yawo ba wando Sallau bai taɓa kiran Illa da sunansa ba, sai dai "bawana". Daga baya Illa ya auri Shekara, ƙanwar Sallau, aka ƙara ɗaure zumunci. Ta rasu a shekarar yunwar nan da ake ce wa Kakalaba. Tun ranar da aka rufe ta sunanta bai sake fitowa tsakanin mazan biyu ba, wasa ne kawai ya ƙaru.

Illa ya iske Sallau a zaurensa yana wasa aska.

"Bawana, me ka ƙunso?" in ji Sallau. "In kilishi ne zauna, in magana ce wuce."

"Littafi ne. So nake ka ji, ka faɗa mini gaskiya. Kowa madalla yake ce mini, kai kaɗai ne Allah bai ba kunya ba."

"Wannan kam ka zo gida."

"In ka ce ya yi, Manu ya tafi da shi Katsina kasuwa mai zuwa. In ka ce bai yi ba, in sa almakashi in yanyanka shi in riƙa ƙunshe kwalli. Takarda dai ba ta yi asara ba."

Sallau ya miƙe ƙafa, ya jingina da bango, ya ce a fara, amma in ya yi minshari kada a tashe shi.

Bai yi minshari ba. Kullum bayan la'asar Illa zai zo ya karanta wani yanki, Sallau na sauraro yana jefa tsiya nan da can don kada a ce ya yi shiru. Ga yadda labarin yake. Wata ranar kasuwa mata suna daka, sai turmi ɗaya ya daina amo. Taɓarya na sauka, hatsi na farfashewa, amma kunne ba ya jin komai. Kafin azahar turamen unguwar duk sun bi sahu. Washegari zakaru suka miƙa wuya a banza. Sai guga a rijiya, sai kalangun mahauta, sai jakai, kuma nan Illa ya bi jakan garin ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai kowane jaki da irin kukansa, har Sallau ya tambaya ko akwai wanda ya yi masa alheri a cikinsu.

Sannan abin ya kai ga mutane. Wanda ya fara rasa murya wani wanzami ne mai surutu, kuma a littafin an ce mutanen gari sun yi sadaka don godiya. Kumandan, baturen mulki, ya zo daga Damagaram a kan doki da gardinsa, ya sa a busa begila a tara jama'a. Gardi ya kumbura kumatu har idanunsa suka yi ja, ko sauro bai ji ba. Kumandan ya fusata ya ce a kamo shirun a kai masa bariki. Sallau ya yi dariya har da buga cinya.

Daga nan dariya ta ƙare. Duk wanda muryarsa ta tafi, kwana kaɗan sai mutane su dube shi su kasa tuna ko wane ne, shi ma ya dubi gidansa kamar na baƙo, ya kama hanyar daji bai waiwaya ba. Akwai wata uwa da ke jin motsin goyonta a baya amma ba ta jin kukansa. Ta kwance zani ta sauke shi, ta tsaya tana kallonsa tana neman inda ta san yaron. A wurin nan tsigar jikin Sallau ta tashi, ya ce wa Illa zauren nan akwai iska, a sauke asabari.

A ƙarshe gari ya watse, duniya ta yi tsit, mutum ɗaya ya rage yana yawo cikin kangaye. Sai ya ji amon turmi guda a bayan wata katanga. Mace ce ke lugude, tana jefa taɓarya sama, ta tafa sau ɗaya, ta cafe. Ya shiga gidan, ba kowa, amon ya koma gida na gaba. Ya bi. Littafin ya ƙare yana bi.

Illa ya haɗa takardu ya dubi taubashinsa. Sallau ya san matar, kuma ya san lokacin yunwar da turamen Matameye suka yi shiru da gaske, ba a littafi ba. Ya buɗe baki, amma bakin da ya shekara arba'in a kan hanya ɗaya bai san wata ba.

"Shi ke nan?" ya ce. "Ka zo gindin ɗorawa gobe, hukunci ba a yanke shi a zaure."

Gindin ɗorawar nan ta bakin kasuwa shi ne inda Sallau ke aski, kuma nan labarin gari ke kwana ya tashi. Da hantsi mutane sun taru, don an ji wanzami zai yi wa littafin bawansa fiɗa. Sallau ya kama kan wani manomi daga Tsauni ya jiƙa, ya ɗaga aska, ya ga idanu a kansa. Ai kuwa sai halin tsiyar ya motsa.

"Jama'a, ni na ji tashin duniya iri-iri a bakin malamai," ya ce. "Akwai mai wuta, akwai mai ruwa. Na bawana ba wuta, ba ruwa, ko dodo ɗaya bai iya ciyarwa ba saboda rowa. Mutum ya ɓata damina guda don ya gaya mana an yi shiru."

Aka fashe da dariya.

"Babin jakai kuwa, wanda ya saurare shi har ƙarshe an yafe masa aikin tilas na bana. Ya sha wahalar da ta fi ɗaukar itacen waya zuwa Kance."

"To mutanen ciki fa?" in ji wani.

"Duk garin mutum ɗaya ne mai hankali, wanzami, shi kuma aka fara kashewa don hassada. Sai kumandan, wanda ya ce a kamo shirun. Da ni ne, mai littafin zan sa a kamo."

"Ba tsoro ke nan?"

"Akwai. Na ji tsoron kada ya ce akwai na biyu."

Manomin Tsauni ya yi ta dariya har aska ta ɗan taɓa shi. Illa na tsugune a gefe, shi ma yana dariya, har ya rama da cewa ai wanzamin littafin ya fi na gaske amfani tunda shi ya yi shiru. Da aka lafa ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "To, na ji. Na gode." Sallau ya bi bayansa da kallo, ya ji daɗin dariyar ya fita daga bakinsa kamar an tsotse rake.

Abin da mutanen gindin ɗorawa ba su sani ba, A'i matar Sallau ta sani. Tun da aka fara karatun nan maigidanta ya daina jure shiru. In ta saki guga sai ya leƙo ya ji faɗuwarsa. Jakin maƙwabci da ya saba zagi, yanzu in ya yi kuka sai Sallau ya ce masa sannu. Wata safiya da ba ta yi daka ba, saboda akwai sauran gari a ƙwarya, ya yi ta zagaya tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

"Yau ba daka?"

"Akwai gari, Maigida."

"Ƙara. Gari ba ya yawa."

A'i ta ajiye tsintsiya ta dube shi. "Littafin Illa ne ya kama ka. Ya hana ka sakat a gida, kai kuma ka je ka tsiyata shi a gaban mutane."

"Wasa ne. Ya san wasa ne."

"Ba wasa ya zo nema ba."

Ba a jima ba aka yi sallama. Illa ne, da almakashi a hannu, ya ce a ɗan wasa masa, ya dakushe. Sallau ya karɓa, ya juya shi, ya ajiye a kan tabarma. Ya gyara murya kamar mai shirin neman aure.

"Bawana, littafin nan fa ya yi kyau."

Illa ya tuntsire da dariya. "Wanne? Babin jakai?"

"Da gaske nake. Ban taɓa jin irinsa ba."

"Ai haka ka nuna a gindin ɗorawa ma."

"Wallahi ya yi kyau."

"Wallahin nan da ta kai ni Tsauni?"

Suna samari Sallau ya taɓa rantse wa Illa cewa wata yarinya na jiransa a bakin rijiyar Tsauni. Illa ya sha ado ya taka da ƙafa cikin rana, ya iske tsohuwa tana shayar da awaki. Tun daga ranar rantsuwar Sallau ba ta ƙara cin kasuwa a wajen Illa ba. Yanzu ga shi yana da gaskiya a baki, ba mai saye. Yana ƙara yabo, Illa na ƙara dariya, har ya share hawaye ya ce kai, wannan ta fi ta gindin ɗorawa, ya kamata ka ajiye ta sai an taru.

Sallau ya ce almakashin sai gobe. Gobe ta yi ya ce dutsen wasa ya ɓata. Ya aiki A'i ta je ta gaya wa Illa yadda ake sa ta dakan dole, Illa ya ce ashe har ita an sa cikin wasan. Ya samu Manu ya roƙe shi ya sa baki, Manu ya ce shi madallarsa ya riga ya bayar, ba a karɓa ba. Ya yi tunanin ya shiga ya ƙwace littafin kawai, tunda taubashi na da ikon ɗauke hular taubashinsa ba a ce masa ɓarawo ba. Amma ya san ko takardun sun tsira, Illa zai ci gaba da zama da cewa abin da ya rubuta shirme ne, kuma wannan ne ke cin Sallau.

Ranar kasuwa ta zo. Sallau ya rataya zabira ya fito, bai kai gindin ɗorawa ba ya ci karo da wasu mata biyu daga Kurni, ɗaya na kwance ƙunshin kwalli tana nuna wa 'yar'uwarta. Takardar ƙunshin akwai rubutu. Sallau ba malami ba ne, amma ya san hannun Illa, mai kwanciya gefe guda kamar gero bayan iska. Ashe bawan nasa ya gaji da jiran almakashi ya ari na maɗinki.

Ya bar masu jiran aski suna jira, ya kutsa cikin kasuwa. Ya wuce 'yan gishiri, ya wuce inda Manu ke ɗaure wa jakunansa kaya don ya kama hanya bayan azahar. Ya iske Illa a rumfarsa zaune a bayan akwatin koli, fatar littafin a buɗe a cinyarsa, ƙananan yankan takarda jere a gefe.

"Ka zo ganin jana'iza?" in ji Illa da fara'a. "Da babin jakai na fara, don girmanka. Ya kusa ƙarewa. Matan Kurni sun tafi da jakin Liman."

Sallau ya sauke zabira ya zauna a ƙasa. Ya ga yabo ya ƙi, rantsuwa ta ƙi. Abu ɗaya ya rage wanda Illa bai taɓa shakka ba in ya fito daga bakinsa.

"Illa," ya ce.

Almakashi ya tsaya. Illa ya waiwaya kamar yana neman wanda ya kira shi.

"Akwai kuskure a littafinka. A ƙarshe."

"Ɗaya kawai?"

"Ɗaya. Sau biyu take tafawa."

Hayaniyar kasuwa na nan yadda take, mai fura na kira, ana cinikin akuya a bayansu. Illa ya ajiye almakashin a kan akwati a hankali.

"Wa?" ya ce.

"Ka san wa. Ni da amon turmin nan na girma, tun kafin ka san hanyar gidanmu da hula a kai. Ta jefa taɓarya sama, ta tafa biyu, ta cafe. Duk unguwarmu ba mai iya biyu sai ita. Ranar da take koyo ta fasa wa Inna ƙwaryar nono, ni aka daka. Kai ka rubuta ɗaya." Ya nuna takardun. "Shekara ba ta taɓa tafa ɗaya ba."

Sunan ya fito ya zauna tsakaninsu. Illa ya dubi takardun cinyarsa.

"Na yi ta tambayar kaina," ya ce. "Ɗaya ne ko biyu. Fuskarta na nan, Sallau, har zanenta mai baƙi-baƙi ina gani. Amon ne ya tafi. In na zauna na kasa kunne, sai in ga taɓarya na sauka, ba na jin komai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Na karanta wa garin nan kaf, ba wanda ya gane ta."

"Na gane ta tun ka ce lugude. Tun ranar ban bar A'i ta huta da daka ba."

"Da ka faɗa."

"Na faɗa, ka ce Tsauni."

Illa ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba, ya shafa fuska da hannun riga. Tausayinsa ya kama Sallau, da kewar ƙanwarsa, da kunyar shekarun da suka yi suna rufe bakin juna da tsiya. Ya jawo akwatin kolin gabansa, ya kwashe madubai da zare ya ajiye gefe. Ya dunƙule hannu ya buga murfin, dum, dum, dum. Sannan ya ɗaga hannuwa sama kamar ya saki wani abu, ya tafa biyu da sauri, ya sauko da dunƙulen a kan akwati.

Illa ya rufe ido.

Masu wucewa suka fara tsayawa. Ga Sallau wanzami, da furfura a gemu, zaune a ƙasa yana tafi kamar budurwa a bakin turmi. Wani ya ce yau kuma wace tsiya ake yi wa ɗan koli, aka yi dariya. Manu ya leƙo ya ce shi fa zai tashi, in akwai saƙo a ba shi.

"Akwai," in ji Illa, bai buɗe ido ba. "Jira in gyara kalma ɗaya."

"Babin jakai fa?" in ji Manu.

"Bar shi wajen matan Kurni," in ji Sallau. "Can ya fi amfani."

Illa ya laluba ya jawo tawada da alƙalami, ya zaro takardar ƙarshe daga ƙasan tarin ya shimfiɗa a gwiwa. Amma bai rubuta ba tukuna. Ya riƙe alƙalamin a sama, ya karkata kai wajen akwatin.

"Sake yi," ya ce.

Sallau ya sake.